Gudun da Ke Cikin Gudummawa

A masallatan Juma'a na Batsari da Safana da Runka, ba baƙon abu ba ne a idar da salla wani ya miƙe yana neman gudummawa. Ko iska ta yaye rufin makarantar Islamiyya, ko rijiyar burtsatsen unguwa ta tsaya, ko wani bawan Allah na kwance a asibiti a Katsina ana jiran kuɗin aiki. A rediyo haka ne, a waya ma haka ne: a aiko da lambar asusun banki, a ce kowa ya ba da gudummawarsa gwargwadon abin da Allah ya hore masa. Kalmar ta shaƙu da kuɗi har yaro mai tasowa zai zaci da ma can sunan kuɗin taimako ce. Alhali ko anini babu a asalinta. Abin da ke cikinta gudu ne, na ƙafa da na kofaton doki, kuma ƙasar Ruma, wato yankin su Batsari a yammacin Katsina, na cikin wuraren da suka fi ko'ina sanin irin wannan gudun.

A faɗi kalmar a hankali, za a ji guntaye uku: gudu, sai ma, sai wa. Gudu ba ya bukatar bayani. Ita kuwa ma, ita ce wadda Bakatsine ke sakawa idan ya ce ya kai ma Sarki gaisuwa ko ya saya ma yaro riga, inda Bakano zai ce ya kai wa Sarki, ya saya wa yaro. Aikinta nuna wanda aka yi abu dominsa, ko wanda aka dosa da abin. Akwai 'yan kalmomin da wannan ma ta manne musu ba ta rabuwa da su ko a bakin Kanawa, irin su cim ma da tasam ma. Duk faɗin ƙasar Hausa cewa ake an cim ma yarjejeniya, zaki ya tasam ma mafarauci. Wa ta ƙarshe kuma ita ce mai mayar da aiki suna, yadda kama ke zama kamawa, cim ma ta zama cimmawa. Idan aka harhaɗa su, abin da ginin kalmar ke nunawa shi ne rugawa zuwa ga wani, saboda shi.

Masu gardamar ko gudunmawa za a rubuta ko gudummawa, su kwantar da hankalinsu. Harshen Bahaushe ne ke mayar da n ta zama m idan ta ci karo da m, shi ya sa muke rubuta gidan mai amma bakinmu yana cewa gidam mai. Wasu garuruwan ma gudummuwa suke cewa. Duk abu ɗaya ne.

Shaida ta biyu tana cikin aikatau ɗin da ke rakiyar kalmar. Tsofaffi kai gudummawa suke cewa, ko kawo gudummawa, ko su ce wane ya zo gudummawa. Duka kalmomin tafiya ne. Sadaka bayar da ita ake yi, zakka fitar da ita ake yi, kyauta yin ta ake yi, amma gudummawa kai ta ake yi, domin a farkonta mutum ne da kansa yake zama gudummawar. A labaran yaƙe-yaƙen da, idan aka ce Sarki ya aika wa wani gari da gudummawa, ba buhun wuri ake nufi ba, dawaki ne da dakaru da 'yan baka. 'Yar uwarta ta kusa ita ce ɗauki, wadda har yau ba ta bar fagen fama ba: ana jin an ce sojoji sun kai ɗauki ƙauye kaza. Ba da gudummawa, wadda ta cika bakin 'yan jarida da 'yan siyasa, ita ce ke nuna kalmar ta sauka daga kan doki ta shiga aljihu.

Wanda ke son ganin gudummawa a gidanta na fari, ya dubi tarihin yammacin Katsina. Bayan da mutanen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka ci birnin Katsina a 1807, Ummarun Dallaje ya zama sarki, gidan sarautar da aka kora ya yi arewa, daga baya ya kafu a Maraɗi. Daga nan har zuwan Turawa, kusan shekara ɗari ke nan, Katsinawan Maraɗi da abokansu Gobirawan Tsibiri ba su daina kawo hari ba, kuma ɗaya daga cikin manyan hanyoyinsu na gangarowa kudu ta cikin dajin Rugu da ya raba Katsina da Zamfara take. A zamanin Sarkin Katsina Siddiku, wanda aka tuɓe a 1844, an yi tawaye a wannan yanki da hannun Sarkin Maraɗi Ɗan Mari, murƙushe tawayen kuma ya tashi garuruwa da yawa, daji ya cinye kufansu. Saboda haka dajin Rugu da ake ambato a labarai yau ba dukkansa ne daji tun fil azal ba, wani sashensa gidajen mutane ne da gonakinsu. Baturen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya bi ta Kuraye da Kurfi da Zakka a watan Maris 1853 kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato. Abin da ya ba da labari shi ne garuruwa masu ganuwa, da ayari mai fargabar rundunar Gobirawa, mai ratsa dajin da ke gaban Zakka a gurguje.

A irin wannan ƙasa, ƙauye ɗaya ba ya iya tare mahara shi kaɗai. Mahara ba zama suke zuwa yi ba. Su faɗo da sassafe, su kwashi mutane da shanu, su juya kafin rana ta take. Abin da ya rage wa mutanen gari shi ne ihu da ganga da mai gudu ko mai doki da za a tura garin gaba. Idan maƙwabta suka taso da wuri, a kore maharan, ko a tare musu hanya, ko a bi sawunsu a ƙwato abin da suka kwasa. Idan suka yi nawa, sai jana'iza da jaje. Daga irin wannan rayuwa Bahaushe ya samo ihu bayan hari, maganar da yake yi wa duk taimakon da ya zo bayan an gama ɓarna. A wannan fage ne kuma mayaƙa irin su Ɗan Waire na Ruma suka yi suna a ƙarshen ƙarni na 19, har ake ambatonsu a ƙasashen da ba su taɓa zama ba. Sarautar Sarkin Ruma tana nan, mai riƙe da ita shi ne hakimin Batsari, kamar yadda Yariman Katsina yake hakimin Safana.

To a lura da halin wannan taimako, domin shi kalmar ta riƙe har yau. Amsa kira ne, sai an yi ihu ake kawo shi. Lokaci ne ma'auninsa, mutum goma da suka iso ana tsakiyar fama sun fi ɗari da suka iso da la'asar. Sannan, abin da ya fi muhimmanci a wurina, taimako ne tsakanin mutanen da haɗari ɗaya ke kansu. Mutanen garin da suka rugo ba don sun fi waɗanda aka kai wa hari arziki ko daraja suka rugo ba. Sun san gobe ko jibi su ne za su yi ihun. Babu mai hannun sama da mai hannun ƙasa a gudummawa, akwai dai wanda abin ya faɗa wa yau da wanda bai kai ga faɗa wa ba tukuna.

Da wannan hali kalmar ta shiga gidan biki, ta zauna daram. Aure da suna ma wani irin hari ne ga aljihun talaka, suna zuwa da hidimar da ta fi ƙarfin gida ɗaya. Sai dangi da ƙawaye da abokai su taso, wannan da kwanon shinkafa, wannan da turmin atamfa, wannan da kuɗi a ƙulle a bakin zane. Mace ta shigo ta ce, "Yaya, ga 'yar gudummawata, ba yawa." Uwar biki ta ce, "Haba ƙanwata, ai zuwanki ma ya isa. Allah ya bar zumunci." Amma a gefe akwai wata yarinya mai littafi da biro tana rubuta sunan kowa da abin da ya kawo, kuma babu wanda ke ganin wannan rubutu abin kunya ne. Littafin nan shi ne asirin abin. Gudummawar biki bashi ce da ba a kai ƙara a kanta, amma ba a manta ta. Ranar da mai kawowa ta tashi nata bikin, za a buɗe littafin a duba.

A al'adar biki ta mata har ninkawa ake yi: ta kawo miki sule, ki mayar mata da sule biyu, ita kuma ta dawo da huɗu, har abin ya yi nauyi a sasanta a koma ƙasa a sake farawa. Masu binciken da suka zauna cikin Hausawa sun rubuta wannan tsari. Akwai shi a labarin rayuwar Baba ta Karo da Mary Smith ta wallafa a 1954, akwai shi a littafin Polly Hill na 1972 kan Batagarawa, nan kusa da Katsina, kuma Guy Nicolas ya daɗe yana nazarin musayar kyauta a ƙasar Maraɗi, wato a gidan waɗanda suka kasance abokan gabar Rumawa. Iyaka ta raba su, yaƙi ya raba su, amma bikinsu iri ɗaya ne. Wanda bai san dawan garin ba zai ce almubazzaranci ne. Ni kuwa ina ganin ajiya ce irin ta wanda ba shi da banki: kana zuba ɗan abin da ka samu a hannun mutane lokacin da kake da sarari, ya dawo maka a dunƙule ranar da ka matsu. Haka gayya take a gona, ita ma kalma ce da ta san yaƙi, don ana yin gayyar mayaƙa kamar yadda ake yin gayyar manoma. Da Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take, ƙafar da ke cikin gudummawa yake nufi.

Sauran manyan kalmominmu na bayarwa ba daga wannan gida suka fito ba. Musulunci ne ya kawo su daga Larabci, kuma kowace da dokarta.

Sadaka ta fito daga tushen da ke nufin gaskiya. Tushe ɗaya suke da sadaki, da laƙabin Sayyidina Abubakar Siddiku, wanda Sarkin Katsinan da muka ambata ya ci sunansa. Ma'anar ita ce abin da ka fitar daga dukiyarka yana gaskata imanin da kake da'awa. Bahaushe ya faɗaɗa kalmar ƙwarai: akwai sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in bayan rasuwa, akwai auren sadaka, akwai wainar da ake raba wa yara ranar Juma'a, akwai ɗan tuwon da ake zuba wa almajiri a ƙofar gida. Abin da ya haɗa su duka shi ne ba a jiran ramuwa daga mutum. Ba a buɗe wa sadaka littafi, kuma mafi alherinta wadda aka ɓoye. Wanda ke son ya bambance sadaka da gudummawa ba sai ya tambayi malami ba, ya saurari godiyar da aka yi. Wanda aka ba sadaka cewa yake Allah ya ba da lada, Allah ya karɓa. Wanda aka kai wa gudummawa cewa yake Allah ya bar zumunci. Na farko ya miƙa lamarin ga Ubangiji ya fita, na biyu ya amsa cewa akwai igiya tsakaninku kuma zai riƙe nasa bakin.

Shi ya sa akwai mutumin da zai kwana da yunwa bai karɓi sadakarka ba, amma ka kai masa abu ɗaya ɗin da sunan gudummawa ya karɓa da fara'a. Ba girman kai ba ne. Sadaka tana sanya shi a sahun mabukata, gudummawa tana barin sa a sahun tsara.

Zakka kuwa ba ta jiran ihun kowa, ba ta kuma jiran tausayin mai dukiya. Tushen kalmar tsarki ne da yaɗuwa, kuma farilla ce mai awo. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san lissafin. Hatsin da ruwan sama ya shayar, idan ya kai wusƙi 5, wato sa'i 300, ana fitar da ɗaya cikin 10, abin da manomi ke taƙaitawa da cewa dami goma a ware ɗaya. Wanda aka sha wahalar ban ruwansa, ɗaya cikin 20. Shanu sai sun kai 30 ake fitar da ɗan maraƙi, awaki da tumaki sai sun kai 40 ake fitar da ɗaya, kuɗi da kayan ciniki ɗaya cikin 40 idan sun kai nisabi kuma shekara ta zagayo. Ga kuma zakkar fidda kai, mudun Annabi 4 a kan kowane rai a ƙarshen azumi. Waɗanda za a ba ma a ƙayyade suke, kashi 8 ne da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa, kuma abin sha'awa, da kalmar sadaka ayar ta ambaci zakkar. A mazhabar Malikiyya, a wurin da dukiyar take ake raba ta, sai idan wani wuri ya fi tsananin bukata. Mai karɓar zakka haƙƙinsa ya karɓa. Don haka attajirin da ya tara mutane a ƙofar gidansa cikin rana, ya sa aka ɗauki hotonsu suna miƙa hannu, ya sani kayansu ya ba su, ba nasa ba.

Wannan ƙayyadewa ita ce ta bar wa gudummawa fili mai faɗi. Mafi yawan malamai ba su yarda a gina masallaci ko a haƙa rijiyar gari da kuɗin zakka ba, tunda ba sa cikin kashi 8 ɗin. To da me za a gina? Da gudummawa. Mai kawo bulo goma da mai kawo buhun siminti da saurayin da ba shi da ko sisi amma ya zo ya kwaɓa ƙasa, duk gudummawa suka kawo, na ƙarshen ma shi ya fi kusa da asalin kalmar. A nan ne kogin Larabci da na Hausa suka haɗu: aikin gudummawa ne a idon jama'a, sadaka ce mai gudana a wurin Allah. Gudana ɗin ma, in aka duba, daga gidan gudu take. Abin da aka tsayar don amfanin jama'a har abada, kamar gida ko gona ko rijiya, shi ake kira wakafi, daga tushen da ke nufin tsayawa, ko hubusi, kalmar da Malikawan Arewacin Afirka suka fi amfani da ita. Ita ce ke cikin sunan Hukumar Zakka da Hubusi da Jihar Kano ta kafa a 2003.

Akwai wasu kalmomi biyu na Hausa tsantsa da suke gogayya da gudummawa a bakin gwamnati da ƙungiyoyi. Agaji ceto ne na gaggawa, ga wanda ruwa ya ci ko gobara ta kama, daga nan 'yan agajin Jama'atu Nasril Islam da na Izala da na Fityanul Islam suka samo sunansu. Tallafi kuwa daga tallafa yake, wato ka sa hannu ƙarƙashin abu don kada ya faɗi, shi ya sa ake kiran yaron da aka ɗauka riƙo ɗan tallafi. Kalma ce mai kyau, amma a kula da hoton da ke cikinta: ɗaya na riƙe, ɗaya ana riƙe da shi, kuma ranar da mai riƙon ya janye hannunsa babu wanda zai tuhume shi da cin amanar zumunci. 'Yan Najeriya sun ga haka ranar 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Ƙungiyoyin jin ƙai ma sun gani a 2025, da Amurka ta datse kuɗin da take bayarwa a ƙasashen waje. Tallafi ana cire shi da sanarwa ɗaya. Gudummawa ba ta ciruwa haka, wanda ya daina kai ta ya san ranar nasa ihun ba zai ga kowa ba.

Kayan aikin tara kuɗin su ma da tarihinsu. Gidauniya babbar ƙwarya ce kafin ta zama sunan ƙungiya mai ofis da shugaban amintattu, irin Gidauniyar Jihar Katsina. Asusu, ɗan tulun da yara ke jefa kwabo a ciki, daga Yarabawa muka aro sunansa, haka ma ajo, wasan da ake kiran makaɗa a tara wa mutum kuɗi. Karo-karo kuwa tamu ce, kuma ita ce ta fi kowace faɗin gaskiyar abin: kowa ya kawo kaɗan a haɗa.

Sai zamani ya kawo taron ƙaddamarwa, wanda a ganina ya fi kowane abu gurɓata kalmar. A kafa rumfa, a gayyato babban mai ƙaddamarwa, a miƙa masa lasifika ya ce ya ba da gudummawar miliyan kaza, maroƙa su ɗauka, a tafa. Bayan wata shida 'yan kwamiti na ta zarya a ƙofar gidansa, ana ce musu Alhaji ya yi tafiya. Wannan abu ya ɗauki shelar gudummawa ba tare da isowarta ba, ya ɗauki sunan sadaka ba tare da ɓoyewarta ba. Ba laifi ba ne a faɗi abin da mutum ya kawo, gudummawa da ma a fili ake yin ta, a gidan biki ma ana ɗaga turmin zane kowa ya gani. Amma abin da ya iso ake ɗagawa. Yarinyar nan mai littafi ba ta rubuta alkawari.

Abin baƙin ciki, ƙasar Ruma ba ta bukatar a tuna mata tsohuwar ma'anar, shekarun nan sun dawo mata da ita. Daga dajin nan dai na Rugu mahara suka riƙa fitowa, wannan karon a kan babura da bindigogi. A watan Fabrairu 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar cikin ƙaramar hukumar Batsari a hari ɗaya. Ƙauyuka sun tashi, mata da yara sun cika makarantun firamare da kangaye a Batsari da Katsina da Dutsin-Ma, wasu mutanen yankin iyaka kuma suka tsallaka jihar Maraɗi, ƙasar da kakanninsu ke tsoron ƙurar dawakinta, aka karɓe su. Gudu biyu ne suka haɗu a nan, na masu gudun hijira da na masu gudummawa. Kafin wata mota mai tambarin hukuma ko na ƙungiya ta iso, waɗanda suka fara tarbar mutanen nan su ne dangi da surukai da abokan cin kasuwa, masu ba da ɗaki ɗaya cikin biyun da suke da su, masu ƙara ruwa a miya. Ba su da rajista, ba a kuma sa su a rahoto.

Ihun zamani waya ce. Da aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina a watan Satumba 2021, har da Batsari da Safana, manufar ita ce a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana da masu kai musu rahoto. Amma rufewar ta kuma hana ɗan ƙauye kiran garin gaba, ta hana ɗansa da ke Legas ko Abuja turo masa kuɗin cefane ta waya, har aka fara buɗe layukan a ƙarshen shekarar. A watan Oktoba 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaro ta 'yan ƙasa, matasan da aka ɗauko daga garuruwan da abin ya shafa. Ko me mutum zai ce game da aikinta, tunanin da ke ƙarƙashinta tsoho ne: wanda zai iso da wuri shi ne wanda ke kusa, wanda kuma gidansa ke cikin haɗarin.

Akwai kuma gudummawar da ba a son ambata, ta kuɗin fansa. An ɗauke magidanci ko matarsa, an yanka kuɗin da gidansa bai taɓa gani ba. A sayar da gona da shanun huɗa, abin bai kai ba, sai a shiga karo-karo gida gida, a aika wa 'yan garin da ke birni. Duk sharuɗɗan gudummawa sun cika a nan: an yi ihu, lokaci na ƙurewa, kuma kowane mai bayarwa ya san gobe yana iya zama shi. Amma kuɗin hannun maharan suke tafiya, su sayi makamin da za su dawo da shi. Kakanni sun kai gudummawa don a kori mahara, jikoki suna tara ta don a sallame su. A watan Afrilu 2022 Majalisar Dattawa ta amince da ƙudurin ɗaure mai biyan kuɗin fansa shekara 15. Malamai ma tun da can sun yi saɓani kan ko a fanshi kamamme da kuɗin zakka. Ni dai ba zan iya zargin wanda ya zuba dubu biyunsa don a dawo da maƙwabcinsa ba. Zargin na kan waɗanda aka damƙa wa tsaron ƙasa, suka bar kyakkyawar al'adar mutane ta zama hanyar tatsar su.

Saura magana ga 'yan ƙasar Ruma da ke Katsina da Kano da Kaduna da Abuja, da duk mai niyyar taimaka wa yankin. Zakkarku ku fitar da ita da awonta, ku ba masu ita, sadakarku ku ɓoye ta. Amma abin da za ku kai wa manomin da ya koma kufan ƙauyensu yana son ya sake kafa rumbu, ku kai shi da sunan gudummawa, domin ba almajiri ba ne, mutum ne da ya ciyar da birni shekara da shekaru kafin a raba shi da gonarsa. Ku tambaye shi abin da yake bukata kafin ku saya. Kuma ku dubi kalanda: iri da taki da kuɗin huɗa su isa hannunsa a watan Mayu, kafin ruwan shuka ya sauka. Takin gero da ya iso a watan Satumba, ko tirela nawa ne, wannan daminar ta riga ta wuce shi.